Yadda Za Ka Auna Ingancin Motar Lantarki Kafin Ka Biya Kuɗinka

A watan Nuwamba na 2023 ƙungiyar Consumer Reports ta Amurka ta fitar da sakamakon tambayoyin da take yi wa masu motoci duk shekara, ta ce motocin lantarki sun fi masu shan fetur yawan matsala da kashi 79 cikin ɗari. A 2025 kuma ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, ta fitar da nata lissafin: a cikin kowace mota dubu mai shekara 2 zuwa 4, na lantarki 4.2 ne suka mutu a hanya har aka kira ɗauki, masu fetur da dizal kuwa 10.4. Mai son ya sayar maka zai nuna maka rahoto na biyu, mai son ya hana ka zai nuna maka na farko. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, abin da kowannensu ya ƙirga ne ya bambanta. Tun da aka janye tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayu na 2023 masu tambayar farashin waɗannan motoci suka ƙaru, kuma mafi yawansu na hannu suke nema, waɗanda aka shigo da su daga Amurka ko Turai ko Sin. Wannan jagora domin su ne.

Mataki na farko: gano abin da rahoton ya ƙirga

Kafin ka kalli adadi, nemi amsar tambayoyi uku: wa aka tambaya, motar shekararta nawa, kuma me aka ɗauka a matsayin matsala.

Consumer Reports membobinta take aika wa tambayoyi, su faɗi abin da ya same su a watanni 12 da suka wuce. A 2023 ta tattara bayanin motoci sama da 330,000, ta kasa matsalolin gida 20, tun daga ƙarar birki da ɓarewar fenti har zuwa mutuwar batir ko injin lantarki. Tana ba manyan matsaloli nauyi fiye da ƙanana, wannan kuwa abin yabo ne. A rahoton ƙarshen 2024 tazarar nan ta kashi 79 ta sauko zuwa 42. Su kuwa motocin da ke haɗa injin fetur da batirin da ake caji a soket, su ne suka fi kowa yawan ƙorafi a shekarun biyu, kashi 146 sannan kashi 70, domin suna ɗauke da kayan mota iri biyu a jiki ɗaya.

Kamfanin J.D. Power na Amurka, mai tattara ra'ayin masu motoci, bincike biyu yake yi, kuma mutane suna yawan cakuɗa su. Na farko yana tambayar mai sabuwar mota bayan kwana 90 da saye. Na biyu yana tambayar wanda motarsa ta shekara uku. Duka biyun ana bayyana su da yawan matsala a mota ɗari, don haka ƙaramin adadi shi ne mai kyau. A binciken motoci masu shekara uku na 2024, na lantarki sun samu 256, masu fetur 187. Sai dai a lissafinsu, wanda ya ce wayarsa ta ƙi haɗuwa da allon mota ya bayar da matsala ɗaya, wanda motarsa ta ƙi tashi shi ma ɗaya ya bayar. Har abin da bai lalace ba amma mai shi ya ga yana da wuyar sarrafawa ana sa shi a lissafi. Motocin lantarki kuwa cike suke da allo da manhaja da hannun ƙofa mai ɓuya, wuraren da ƙorafi ya fi taruwa. Idan motar hannu kake nema, binciken kwana 90 ba shi da wani amfani gare ka, na shekara uku za ka nema.

ADAC ba tambayar kowa take yi ba. Ma'aikatanta ne ke zuwa ɗaukin motocin da suka tsaya a hanya, su rubuta abin da suka tarar. Saboda haka allon da ke daskarewa ko ƙofar da ke ƙara ba sa shiga lissafinta, sai abin da ya hana mota tafiya. Abu mafi amfani a rahotonta shi ne musabbabin tsayawar: kusan rabin motocin lantarkin da suka mutu, ƙaramin batirin nan ne mai bolt 12 ya kashe su, irin wanda ke cikin kowace Corolla. Babban batir ba kasafai yake zama dalili ba.

Akwai kuma rahoton TÜV, masu duba lafiyar mota a Jamus. Doka ta wajabta a kai sabuwar mota bayan shekara uku, daga nan duk shekara biyu. Injiniya ne ke shiga ƙarƙashinta ya duba birki da fitilu da ƙafafu. A rahoton 2024 Tesla Model 3 ce ta zo ta ƙarshe a ajin motoci masu ƙarancin shekaru, inda kashi 14.7 cikin ɗari suka faɗi saboda babbar illa, mafi yawa a ƙafafun mota da birki da fitilu. Wannan binciken ba ya auna lafiyar batir ko kaɗan, amma ga mai tuƙi a hanya mai ramuka shi ne ya fi magana a kan abin da zai fara sakin jiki.

Wani tarko kuma shi ne gamsuwa. Ana tambayar mutum ko zai sake sayen irin motarsa, wannan daban yake da tambayar sau nawa ta lalace. A lissafin Consumer Reports na ƙarshen 2024 kamfanin Rivian mai ƙera motocin lantarki ya zo na ƙarshe a inganci, alhali masu motocinsa suna kan gaba wajen cewa za su sake saye. Mutum yana iya son mota tana ba shi wahala, musamman idan kamfani ne ke biyan kuɗin gyara. Kai da za ka biya daga aljihunka, lissafin lalacewa ne naka.

Mataki na biyu: sauko zuwa samfuri da shekara

Babu wanda ke sayen "motocin lantarki" a dunƙule. Nissan Leaf ta 2015 kake saye, ko Hyundai Kona ta 2019, ko BYD ta bara. Matsakaicin adadin da ake bugawa a kanun labarai ya haɗa tsofaffin kamfanoni da sababbin shiga da ba su gama koyon haɗa ƙofa da gilashi ba. Nemi layin samfurinka, sannan ka duba shekararsa. Shekarar farko ta kowane sabon samfuri, ko shekarar da aka sauya masa fasali gaba ɗaya, ita ce ta fi yawan matsala, ko a motocin fetur haka abin yake. Wadda aka shekara uku ana ƙerawa ba a taɓa ta ba, an riga an gano yawancin kurakuranta.

Idan motar ta kasuwar Sin ce, ka sani rahoton Amurka ba zai ambace ta ba, domin ba a sayar da ƙananan motocin BYD a can. Rahotannin Jamus ma sai samfurin da ya yi yawa a titunansu suke sakawa. A nan nauyin zai koma kan shaidar masu motar da kuma gwajin da za ka yi da hannunka.

Ka raba matsalolin da ka gani gida uku a takarda. Waɗanda ke ɓata rai amma mota na tafiya, kamar allo da manhaja. Waɗanda ke cin kuɗi a hankali, kamar taya da ƙafafu da na'urar sanyi. Sai waɗanda ke ajiye mota: babban batir, injin lantarki, cajar da ke cikin mota, da na'urar da ke sauke wutar babban batir ta ciyar da ƙaramin. Mota mai ƙorafi ashirin a gida na farko ta fi mai ƙorafi biyu a gida na uku.

Mataki na uku: bincika kiran gyara da lambar shasi

Idan kamfani ya gano illa mai haɗari yakan kira motocin a gyara kyauta. Motar da ta fito daga Amurka za ka iya sa lambar shasinta mai harafi da lamba 17 a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, ya nuna maka gyaran da aka kira ba a yi ba. Wannan minti biyu ne, kuma kyauta.

Misalai uku sun isa su nuna muhimmancinsa. A watan Agusta na 2021 General Motors ta faɗaɗa kiran Chevrolet Bolt ya haɗa duk waɗanda aka ƙera daga 2017 zuwa 2022, saboda kuskure biyu a ƙirar ƙwayoyin batir da ke iya haddasa gobara. A farkon shekarar Hyundai ta sanar da sauya batirin motoci kusan 82,000 a duniya, mafi yawansu Kona masu lantarki. A watan Maris na 2024 kuma Hyundai da Kia suka kira motoci kusan 147,000 a Amurka, irin su Ioniq 5 da EV6, saboda na'urar da suke kira ICCU, wadda ke cajin ƙaramin batir. Idan ta ƙone, ƙaramin batir ya zube, motar ta rage gudu a hankali har ta tsaya.

Lura da abin da wannan ke nufi ga mai sayen ta hannu. Bolt ta 2018 da aka sa wa sabon batir ta fi matsayin da rahotanni suka ba ta, tunda batirin ya fi motar ƙuruciya. Wadda ba a gyara ba, aka loda ta a jirgi ta iso Legas ko Kwatano, ta bar dilan da zai gyara ta kyauta a wata nahiya. Garantin batir da aka saba bayarwa, shekara 8 ko kilomita 160,000, yawanci a kasuwar da aka fara sayar da motar kawai yake aiki. Kada ka sa shi a lissafinka sai ka ga wakilin kamfanin a ƙasarka ya rubuta cewa zai karɓa.

Da wannan lambar kuma ka nemi tarihin motar. Motoci da yawa da ke shigowa daga Amurka a gwanjon motocin haɗari aka saye su, kuma hotunan gwanjon sukan zauna a intanet. Idan ka ga alamar ambaliya, ka bar ta ko nawa aka rage maka. Bayan guguwar Ian a Florida a 2022 motocin lantarki da ruwan gishiri ya shiga batirinsu sun kama da wuta, wasu bayan kwanaki. Gishirin yana zama a ciki yana cin ƙarfe, ba kuma abin da wankin mota zai fitar ba ne.

Mataki na huɗu: juya rahoton zuwa yanayinka

Wanda ya cike takardar tambaya a Jamus yana da sanyi, kwalta mai santsi, wuta tsayayya da dila a unguwarsa. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai zafin Afrilu da Mayu yana haura digiri 40, kuma zafi shi ne babban abin da ke tsufar da batirin lithium. Kamfanin Geotab ya bi diddigin motoci kusan 10,000, ya ce a 2024 matsakaicin abin da batir ke rasawa kashi 1.8 ne a shekara, amma ya nuna cewa zafi da yawan caji mai sauri suna ƙara saurin lalacewar.

Don haka tambaya ta farko ita ce: da me ake sanyaya batirin? Nissan Leaf, tun ta farko har samfurin da ya fito a 2018, ba ta da ruwan sanyaya batir, iskar waje kawai ta dogara da ita. Tun a 2012 masu Leaf a birnin Phoenix na jihar Arizona, inda zafi ke kama da namu, suka fara kukan batirinsu ya ragu da wuri. Motar tana da kyakkyawan suna wajen rashin lalacewar sauran kaya, kuma tana da araha, shi ya sa take jan hankali. Amma sunan a ƙasashen sanyi ta same shi. A ganinmu, mai zama a arewa ya fi masa ya nemi mota mai sanyaya batir da ruwa.

Ta biyu, wane irin batir ne? Nau'in LFP, wato batirin lithium mara nikel da kobalt, wanda BYD ke amfani da shi da kuma wasu ƙananan samfuran Tesla, ya fi jure zafi da cikawa zuwa ɗari bisa ɗari. Nau'in da ke da nikel da kobalt ya fi adana caji mai yawa a nauyi ɗaya, amma ba ya son a cika shi fal a bar shi a rana. Kashi 80 ake tsayawa a zirga-zirgar yau da kullum.

Ta uku, na'urar sanyi. A motoci da yawa ita ce ke sanyaya ruwan da ke zagaya batir, saboda haka idan ta mutu ba gumi kawai za ka sha ba, caji zai ragu, ƙarfin mota ma ya ragu. Kwamfuresarta da babbar wuta take aiki, kuma man da ke cikinta na musamman ne wanda wuta ba ta bi ta cikinsa. Mai cika gas na bakin titi idan ya zuba mata man motar fetur, ko ya yi amfani da tiyon da ya saba aiki da shi, kwamfutar motar tana iya ganin wuta na zurarewa ta ƙi tashi. Ƙurar hunturu kuma tana toshe lagireton gaba, sai a riƙa hure shi da iska.

Sai nauyi. Batir kaɗai yakan kai kilo 300 zuwa 500, yana shimfiɗe a ƙarƙashin mota. Binciken J.D. Power na 2024 ya nuna kashi 39 na masu motar lantarki sun sauya taya a cikin shekara guda, kusan ninki biyu na masu fetur, a kan titunan Amurka ke nan. Ka ƙiyasta abin da ramuka da tudun rage gudu za su yi wa shokozoba da robobin ƙafa.

Mataki na biyar: tambayi masu irin motar, amma da dabara

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai ba kowane mai mota ne zai faɗa maka ba. Wanda ya zuba miliyoyi ba ya son a ce ya yi asara, wanda kuma ke shirin sayarwa ba zai kushe hajarsa ba. A zaurukan Facebook da WhatsApp abin ya juye: wanda motarsa ke lafiya ba ya rubutu, sai wanda ta ƙona wa rai. Kuma adadin mutanen da za ka samu kaɗan ne. A ce wata illa tana samun mota 5 a cikin 100. Idan ka tambayi mutum goma, akwai yiwuwar kusan kashi 60 cikin ɗari babu ko ɗaya a cikinsu da ya gamu da ita. "Ban taɓa samun matsala ba" daga bakin mutum uku bai wanke samfuri ba. Amma idan mutum uku da ba su san juna ba suka ambaci kaya ɗaya, ka riƙe wannan da kyau.

Kada ka ce "Alhaji, ya motar?", domin amsar "Alhamdu lillahi" ce. Yi tambayar da amsarta lamba ce ko suna. Kilomita nawa ta yi a hannunka? Cikakken caji yana kai ka kilomita nawa yanzu da na'urar sanyi a kunne, da can kuma nawa? Ta taɓa ƙin tashi da safe, me aka tarar? Kwana nawa ta fi daɗewa a gareji, me ake jira? Wane kaya ka sauya, daga ina aka kawo, nawa ya ci har da kuɗin jirgi? A ina kake caji, da wutar gari ko sola ko janareta? Tambayar kwanakin gareji ta fi sauran nauyi, domin rahotannin waje yawan lalacewa suke aunawa, ba su san kaya na iya ɗaukar wata biyu kafin ya iso ba.

Direbobin haya da na ma'aikatu sun fi masu motar gida amfani a nan. Suna cin kilomita a shekara ɗaya abin da wani zai ci a huɗu, kuma ba kuɗinsu ne a ciki ba balle su kare zaɓinsu. Haka ma rewaya ko bakaniken da irin motocin ke zuwa wurinsa, shi ne ADAC ɗin garinku.

Mataki na shida: gwada motar da ke gabanka

Ka nemi a bar maka motar rabin yini. Mai sayarwar da ya ƙi, ya ba ka amsa.

Fara da ƙaramin batir. Motar tana kashe, ta huta aƙalla awa ɗaya, sa mitar auna wuta a kansa: bolt 12.6 cikakke ne, ƙasa da 12.2 ya yi rauni. Kunna motar har alamar shirin tafiya ta fito, ka sake aunawa. Ya kamata ya hau zuwa tsakanin 13.5 da 14.5, alamar na'urar da ke ciyar da shi tana aiki. Idan bai motsa ba, matsala ce ta gida na uku. Sababbin Tesla ƙaramin batirinsu na lithium ne mai kusan bolt 16, don haka waɗannan lambobi ba su shafe su ba. Motar da ta yi makonni a jirgi da tashar ruwa galibi ƙaramin batirinta ya sha wahala, sa kuɗin sabo a ciniki.

Daga nan sai babban batir. Kilomitan da dashbod ke nunawa ƙiyasi ne da ya dogara da yadda aka tuƙa motar a baya-bayan nan. Wanda ya yi ta lallaɓa ta a unguwa ba tare da sanyi ba zai sa lambar ta kumbura. Sayi ƙaramar na'urar karanta kwamfutar mota, wadda ake kira OBD, mai Bluetooth, ka soka a ramin da ke ƙarƙashin sitiyari, ka haɗa da manhaja: LeafSpy ga Leaf, Car Scanner ga samfura da yawa. Abu biyu za ka karanta. Na farko lafiyar batir cikin ɗari. Sama da 90 a mota mai shekara uku zuwa huɗu abu ne mai kyau, kusa da 70 kuwa ita ce iyakar da kamfanoni da yawa ke ɗauka batir ya gaza. Na biyu bambancin wuta tsakanin ƙwayoyin batir. Mota na tsaye, tazarar milibolt 20 zuwa 30 ba komai ba ce. Idan ta haura 100, ko ƙwaya ɗaya ta fita daban da sauran, akwai mai rauni, kuma ita ce za ta riƙa kashe motar alhali allo na nuna saura kashi 15. Raunin ya fi fitowa idan caji ya yi ƙasa ka taka totur, don haka ka sake dubawa a ƙarshen tafiya. A batirin LFP wutar ƙwayoyi kusan ɗaya take a tsakiyar caji, sai kusa da cika ko ƙarewa bambancin ke bayyana.

Leaf tana da sanduna 12 na lafiyar batir a dashbod. Ta farko tana ɓacewa idan lafiyar ta sauko wajen kashi 85, sauran kuma kowace bayan kashi 6 da ɗoriya. Ana iya goge ƙwaƙwalwar kwamfutar batir sandunan su dawo 12 na ɗan lokaci, bayan makonni su sake zubewa. Tsohuwar Leaf mai kilomita da yawa da sanduna cikakku abar tuhuma ce.

Maganin irin wannan maguɗi shi ne awo a kan hanya. Cika batir, mayar da ma'aunin tafiya sifili, yi doguwar tafiya da gudun da ka saba, sannan ka yi lissafi. A misalta da Kona mai batirin kWh 64 (kWh shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke adanawa): ka yi kilomita 250, allo ya nuna tana cin kWh 14.5 a kilomita ɗari, caji ya sauko daga 100 zuwa 38. Wutar da ka ci ita ce 2.5 sau 14.5, wato 36.25. Wannan kashi 62 ne na batir, saboda haka raba 36.25 da 0.62, ka samu kusan 58.5. Idan ka gwada da 64, lafiyar ta kai kashi 91. Awon yana iya kaucewa da kashi kaɗan, kuma gajeriyar tafiya ba ta bayar da amsar kirki, ka ci aƙalla rabin batir.

A cikin tafiyar kashe rediyo. Motar ba ta da ƙarar inji da za ta rufe komai, don haka ƙwanƙwasar ƙafa a kan rami, ko gurnanin da ke ƙaruwa da gudu daga wajen injin lantarki, duk za ka ji. A wuri mara cunkoso taka birki da ƙarfi sau biyu ko uku. Waɗannan motoci da injin lantarki suke rage gudu mafi yawan lokaci, faifan birki ya daɗe bai yi aiki ba sai ya yi tsatsa ko ya maƙale, abin da TÜV ke yawan kamawa ke nan.

A ɗaga motar, ko a hau da ita ramin gareji, ka haska ƙarƙashinta da tocila. Ƙarcewa a murfin roba ba damuwa ba ce. Lotsawa a jikin akwatin batir, kusoshin da aka taɓa kwancewa, liƙin gam da ba na kamfani ba, ko ɗigon ruwan sanyi, kowannensu ya isa a fasa ciniki. Ɗaga kafet ka duba laka ko tsatsa a kusoshin kujera. Wayoyin nan masu launin lemo suna ɗauke da bolt 400, a wasu motocin 800. Kallo kawai, ba taɓawa.

Gwajin caji

Mutane da yawa suna mantawa da wannan har sai mota ta kwana a gida. Bakin caji iri-iri ne: motocin Amurka da nasu, na Turai da nasu, na Sin suna da GB/T, tsofaffin samfuran Leaf kuma CHAdeMO suke amfani da shi wajen caji mai sauri. Tabbatar wurin da kake sa ran yin caji mai sauri yana da bakin motarka, ka je ka gwada a gaban mai sayarwa, ka ga wutar da take karɓa daga kashi 20 zuwa 60. Adafta ta cajin gida ba ta da tsada, ta caji mai sauri kuwa tana da tsada kuma ba kullum take aiki ba. Motar da aka ƙera domin cikin Sin kuma, duba ko allonta na juyawa zuwa harshen da kake ji, domin manhajar wayarta sau da yawa sai da lambar waya ta can.

Sannan ka gwada a gidanka, da wutarka. Karanta jikin cajar da ta zo da motar Amurka, wasu na bolt 120 ne kawai, wutarmu kuwa 230 ce. Soket na gida yana ba da kusan kilowat 2.3, batirin kWh 60 zai ci fiye da awa 26 kafin ya cika daga ƙasa, kuma soket mai sako-sako yana zafi har ya narke. Cajar bango mai kilowat 7.4 tana gamawa cikin awa 8 zuwa 9, amma tana jan amfiya 32, tana bukatar layinta na kanta tun daga mita, waya mai kaurin murabba'in milimita 6 ko fiye gwargwadon nisa, da na'urar yanke wuta idan ta zurare. Caja tana duba wayar ƙasa, wadda masu wayarin ke kira atin, kafin ta saki wuta. Gidan da ba shi da ita, ko janaretan da ba a haɗa masa ita daidai ba, caja za ta kunna jar fitila ta ƙi aiki. Wutar da ke faɗuwa ƙasa sosai da dare ma tana sa ta yankewa. Da yawa daga abin da ake kira lalacewar mota a wajenmu daga bango yake, kuma wuta mai hawa da sauka tana iya ƙona cajar cikin mota, don haka na'urar kare hawan wuta ta shiga kasafinka.

Kafin ka miƙa kuɗi

Ɗauki kaya uku da bincikenka ya nuna sun fi lalacewa a wannan samfuri, ka nemi farashinsu da kwanakin isowarsu daga mai kawo kaya na gaske, tun motar ba ta zama taka ba. Nemi mai gyaran da ke da kwamfutar da ke karanta wannan samfuri da safar hannu mai jure bolt 1,000, ka je garejinsa ka gani da idonka. Tesla ba ta da cibiyar gyara ta hukuma a Najeriya ko Nijar, kuma wasu kayanta sai an haɗa su da kwamfutar motar ta manhajar kamfani kafin su yi aiki. Samfurin da ke da wakili a ƙasarka, ko wanda ya yi yawa a garinku har ana samun kayansa na hannu, zai fi saurin komawa kan titi ko da rahoton waje ya sa shi a tsakiya. Idan ciniki ya faɗa, a rubuta lafiyar batir da aka karanta, da kilomita, da ranar awon a takardar sayarwa, a haɗa da hoton allon manhajar, shaidu su sa hannu.